Lauyan da ke Gefen Cibiyata

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Karatuna bai yi nisa ba, a firamare na tsaya, kuma har yau akwai kalmomin da sai na faɗe su a baki kafin hannuna ya yarda ya rubuta su. Ga shi kuma maganar ta kashi ce. Inna ta ce mace mai kunya ba ta kiran sunan wannan abu ko a cikin ɗaki, balle ta sa shi a takarda. To ni kunya ce ta kusa raba ni da aikina, don haka zan kira shi da sunansa.

A gida da wurin aiki Shiru ake ce min. Tun ina ƙarama, in baƙo ya yi sallama sai in shige bayan ƙofa. In direba ya wuce da ni inda zan sauka, gara in dawo a ƙafa da in ɗaga murya in ce ya tsaya.

Ina aiki a shagon ɗinkin labule da zanen gado da rigunan kujeru. Mai shagon, da muke kira Anti, tana zama daga gaba, inda aka rataye samfurin yadudduka. Baba Mai Yanka yana da dogon teburinsa a tsakiya, kullum da alli a bayan kunne. Sai Doguwa, wadda ke ɗinka filo da sa zif a keken da ke lungu. Keken da ke bakin ƙofa, inda haske da iska suke, shi ne nawa. Na san shi kamar yunwar cikina. Yana da 'yar gardama: in ba ka fara juya shi da hannu ba kafin ka taka, sai ya tsinke maka zare. A kansa na koyi tattarar labule, kuma a kansa ne kawai ba na jin kunyar kowa, don in yana gudu ba mai jiran in yi magana.

A kansa ciwon ya kama ni. Cikina ya murɗa, na duƙa, daga nan ban san inda kaina yake ba. Da na farfaɗo a asibiti an riga an yi min tiyata. Likita ya ce wani ɓangare na hanjina ya lalace, sun yanke shi, sun fito da bakin sauran ta gefen cibiyata, wajen hagu. Ta nan zan riƙa yin bayan gida. Akwai wata jaka ta roba da ake mannawa a wurin da gam, ita ke tarewa. Ba ni da iko da lokacin da zai fito, ko shi ko iska. Na ce zuwa yaushe? Ya ce sai abin da suka gani.

Da farko ƙin kallon wurin na yi. In za a canza jakar sai in juya kai ina kallon bango. Akwai wata nas mai faɗa da kowa ke kira Sista, ita ta gaji da ni.

“Ke, juyo nan. Kalle shi. Naki ne, ba nawa ba. Ni ba zan bi ki gidanku ba.”

Na kalla. Ja ne, mai laima, kamar cikin kumatu. Ta kama yatsana ta ɗora a kai, ban ji zafi ba. Ta koya min yadda zan wanke kewayen, in busar da fatar sarai, in yanka ramin jakar daidai da girmansa. Da ta ga yadda na riƙe almakashi sai ta ce, “Au, ashe tela ce. To kin huta.” Ta kuma gargaɗe ni da abu biyu: kada in bari wani abu ya riƙa gogar wurin, kuma in guji zafi mai sa gumi, don gumi na sa gam ya saki.

Da aka sallame ni sai 'yan dubiya suka cika mana gida, kowa kuma da fassarar ciwona a bakinsa. Gwaggo, ƙanwar babanmu marigayi, ta ce baki ne. “Yarinya kullum tana zaune a ƙofar shago, mai wucewa ya kalla, mai dawowa ya kalla. Ai dole.” Maƙwabciyarmu ta ce cin abinci a tsaitsaye ne. Wata ƙawar Inna ta ce zurfin ciki ne ya yi min yawa har ya nemi hanyar fita. Kawu kuwa ya ce kankarar zunubi ce, in yi murna. Bayan ya tafi na kwanta ina ta binciken kaina, ina neman zunubin da ya kai a huda min ciki. Duk wanda ya gama bayaninsa sai ya yi addu'a, idonsa na kan zanen da na rufe cikina da shi. Ba wanda ya tambaye ni yadda nake gani.

Wata rana Kawu ya dawo, ɗaki cike da mutane, yana tsakiyar nasiha a kan haƙuri, sai cikina ya saki wata doguwar ƙara. Ba irin wadda za a ce kujera ce ba. Ta ɗauko a hankali, ta hau sama, ta ƙare da ɗan tsaki. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Kaka, mahaifiyar Inna, tana zaune a gefen gado tana jan carbi. Ta ɗago ta ce, “Madalla! Shekara da shekaru ja'irar nan ba ta iya kare kanta, yau Allah Ya ba ta lauya. Ci gaba, Lauya, muna sauraro. Ko kai ma ka gaji da wa'azin?”

Yayana ne ya fara fashewa da dariya, ya fita da gudu. Kawu ya tattara rigarsa ya ce dama yana da wurin zuwa. Tun daga ranar sunan ya bi abin. In ya yi ƙara da safe sai Kaka ta ce, “Lauya, ina kwana? An tashi lafiya?”

Gwaggo ta so ta hana ni salla, wai ina ɗauke da najasa. Kaka ta ce mata, “Wanda ya halicci hanjin bai san ta inda aka fito da shi ba ne?” Yaya ya je ya tambayo malami, aka ce mai lalura ta yi alwalarta ta yi sallarta. Na yi.

Da na ji ƙarfi na ce zan koma aiki. Inna ta zaunar da ni ta ce, “In an tambaye ki, ki ce ɗan ƙari aka cire miki. Kada ki bari kowa ya san da jakar nan.” Ba ta san Gwaggo ta riga ta biya shagon ta zazzage komai ba.

Anti ta tare ni da hawaye. Ta buɗe hannu kamar za ta rungume ni, sai ta tsaya ta dafa kafaɗata daga nesa. Na leƙa bayanta na ga Doguwa a kan kekena, ta ma sauya masa matashin kujera.

“Ba zan sa ki taka keke ba, Shiru,” in ji Anti. “Da wannan cikin? Allah Ya kiyaye. Ki shiga sito ki riƙa 'yar guga, ba mai damun ki. Kin ga ma kusa da banɗaki ne.”

Na ce, “To, Anti.”

Siton ba shi da taga. Bandiran yadi ne jingine har rufi, da fanka da ta daɗe da mutuwa, da teburin guga a tsakiya. Labule mai kauri ne ya raba shi da shago. In dutsen guga ya ɗau zafi, ɗakin sai ya koma kamar tanda. Tun ranar farko na lura bakin teburin daidai kan jakata yake tsayawa, duk miƙa hannun da zan yi sai ya goge ta. Kafin azahar rigata ta jiƙe sharkaf. Na tuna gargaɗin Sista sarai. Kullum sai in ce yau zan faɗa wa Anti, kullum sai in tashi aiki ban faɗa ba.

Ba zafin ne ya fi ci min rai ba. Anti ta samu sabon abin yi da ni. In kwastoma ta zo tana kukan ciwon gwiwa, ko rashin barci, ko halin 'ya'ya, sai in ji muryar Anti ta sauka ƙasa.

“Hajiya, zo in nuna miki abin da zai sa ki gode wa Allah.”

Sai a ɗaga labulen sito. Ga ni tsaye da dutsen guga a hannu, gumi na zuba.

“Kin gan ta nan? Yarinya ƙarama. Ta ciki take yi, a leda. Amma ko uffan ba za ki ji ta ce ba. Haƙuri ke nan. Ni tun da na ga wannan na daina kukan komai.”

Matar sai ta ce, “Allah sarki, baiwar Allah,” ta kalli cikina, ta kalli fuskata, ta sake kallon cikina. Wata ta cusa min wani abu a hannu. Sai a saki labulen, in ji suna komawa gaba suna cewa lallai lafiya ba abin wasa ba ce. Bayan nan sai in ji fesss, fesss, Anti na fesa turare a bakin siton, alhali ba abin da ke tashi sai ƙaurin guga.

Ba zan yi mata ƙarya ba, Anti ba muguwa ba ce. Ta zo asibiti, ta yi kuka na gaske. Kawai dai ita ma ta samo wa ciwona amfani, kamar su Gwaggo. A wurinta Allah Ya huda min ciki ne don masu sayen labule su ji daɗin nasu cikin.

Abin da Sista ta faɗa kuwa ya faru. Wata la'asar ina guge wani dogon labule na ji ɗumi da ƙaiƙayi a gefen cikina. Na duba, gefen gam ɗin ya ɗago. Kafin in ajiye dutsen ya riga ya ɓata min riga, ya taɓa shimfiɗar teburin. Wannan karon kam wari ya tashi. Doguwa ce ta shigo ɗaukar zif, ta yi baya da sauri tana cewa, “Wayyo, Anti! Anti, zo ki gani!”

Na ɗauki ƙunshin kayan canjina na shige banɗaki. Na wanke, na busar, na yanka, na manna sabuwa. Da na buɗe ƙofa na tarar da wani ragowar yadi a rataye jikin mariƙin, wanda zai ishe ni ɗaurawa a kan rigar. Baba Mai Yanka yana can teburinsa ya duƙufa, kamar bai san an yi ba. Na cire shimfiɗar teburin na wanke ta da hannuna. Anti ba ta ce min komai ba sai, “Je ki gida, za mu yi magana.”

Ba da ni ta yi maganar ba. Da yamma ta zo gidanmu ta zauna da Inna a tsakar gida, ni ina ɗaki ina jin su.

“Kin ga dai abin da nake gudu,” in ji Anti. “Yau shimfiɗa ce, gobe labulen mutane ne. Kuma ita kanta abin tausayi ce. Ta ƙarasa makon nan, sai ta zauna a gida ta huta. Duk ƙarshen wata zan riƙa aiko mata da ɗan abin da ya samu, saboda Allah. Ba sai ta yi komai ba.”

Inna ta yi ta godiya, tana sa mata albarka har bakin ƙofa.

Kaka ta shigo ta same ni zaune a bakin katifa. Ta zauna da ƙyar tana riƙe da gwiwa.

“An yi miki ritaya, ƙawata. Kin riga ni.”

Ta leƙo fuskata.

“Kin yarda ke nan?”

“To me zan ce, Kaka?”

“Ni na sani? Cikinki aka ɗinke ko bakinki?” Ta gyara zama. “Sadaka da daɗi a wata na fari. Daga nan sai ki fara leƙen ƙofa kina jiran ɗan aike. In ya makara ba ki da bakin tambaya, don ba guminki ba ne. Amma zauna, ai kin iya zama. Sai mu riƙa hira ni da ke da Lauya.”

Washegari da safe ina canza jaka na tsaya ina kallon wurin fiye da yadda na saba. Yana ɗan motsi, yana aikinsa. Bai san ana jin kunyarsa ba. Bai san Gwaggo ta ce baki ne ba, bai san Kawu ya ce zunubi ba ne, bai san Anti na nuna shi ga baƙi ba. Likita ya buɗe shi don kada in mutu, kuma ban mutu ba. Na ci abinci jiya, ga shi ya bi hanyarsa ya fito. Duk bayanin da aka yi ta kawo min, ba wanda ya kai wannan shiga kaina. Na shafa fatar gefen a hankali na ce, “Sannu da aiki.” Ban taɓa yi masa magana ba sai ranar.

Duk da haka na ci gaba da shiga sito ina fita, bakina a rufe, har ranar ƙarshen makon ta zo.

Wajen hantsi wata mata ta shigo, mai zobba a yatsu da ƙamshi mai ƙarfi. Labulen gida guda take so. Ina jin ta tana ba Anti labarin hawan jininta, da yadda likita ya hana ta gishiri, abinci duk ya fita ranta. Na san abin da zai biyo baya. Na ajiye dutsen guga a kan gindinsa na jira.

Aka ɗaga labule.

“Kin gan ta nan,” in ji Anti. “Yau ma ce ranarta ta ƙarshe, na ce ta je ta huta, ni zan riƙa kula da ita. Ke gishiri kawai aka hana ki, Hajiya. Wannan kuwa...”

Sai Lauya ya karɓe maganar. Bai taɓa yin irin ta ranar ba. Siton ya amsa, har Baba Mai Yanka ya tsayar da almakashi. Matar ta ja gefen mayafinta ta toshe hanci. Anti ta girgiza kai ta ce, “Kin ji ko? Haka take fama, baiwar Allah. Kuma ba za ta taɓa ce miki komai ba.”

“Zan ce.”

Ni kaina ban gane muryar ba. Siririya ce, amma ta fito.

“Hajiya, sauke mayafinki. Iska ce, tana cikin jaka, ba za ta iso ki ba. Ke ma kina yi, naki dai ta baya yake fita.”

Doguwa ta ce, “La ilaha!” daga can bakin ƙofa.

“Shiru!” in ji Anti. “Kanki ɗaya kuwa?”

“Ɗaya ne, Anti. Ni ba wa'azi ba ce. Tela ce.” Na dafa teburin. “In za ku gode wa Allah, ku gode masa a kan naku. Ku daina zuwa kuna gode masa a kaina, kamar ni ba ni da abin godiya. Ni ma ina gode masa. Da wannan abin nake raye.”

“Yanzu ni kike faɗa wa haka? Ni da na...”

“Kin zo asibiti, ban manta ba. Amma ɗakin nan ne ya sa jakata ta saki. Gumi ke cire gam ɗin, ga bakin teburin nan yana gogar ta tun safe har yamma. A keke zaune nake, ga iska, ba abin da ke taɓa ni. Tun ranar farko ya kamata in faɗa. Ba a yanke min hannu ba, Anti, ba a yanke min ƙafa ba. Ba na son a aiko min da komai. Kekena nake so.”

Matar ta sauke mayafin a hankali. Ta ce, “Ikon Allah. Kika ce ba ta magana.”

Baba Mai Yanka ya yi wani tari da kowa ya san ba tari ba ne.

Na zaci matar za ta yi dariya abin ya wuce. Ba ta yi ba. Ta gyara mayafi ta ce ita ba a taɓa yi mata irin wannan ba, ta zo sayen labule an kawo ta sito ana gaya mata ta inda take tusa. Anti ta bi ta har mota tana ba da haƙuri. Motar ta tashi ba a yi awo ba.

Anti ta dawo idonta jawur.

“Kin kyauta. Aikin gida guda kin kore min. A shagona, a gaban mutane, ki tsinka ni? Ɗauki mayafinki. Kada in ƙara ganin ƙafarki a nan.”

Na kashe dutsen guga, na naɗe wayarsa yadda na saba, na fita. Sai da na sha kwana na jingina da bango. Abin mamaki, ba kuka ne ya zo min ba. Yunwa na ji, irin wadda rabona da ita tun kafin tiyata. Na tsaya a wani kanti na sayi burodi, na ce wa mai kantin ba wannan ba, wancan mai laushin, ya canza min.

Labari ya riga ni isa gida, Doguwa ta buga wa Yaya waya. Inna na tsaye a tsakar gida da ludayi a hannu.

“Matar da ta rufa mana asiri! Ke da ko sannu sai an roƙe ki, yau ke ce da yi wa manya rashin kunya? Yanzu ga aikin babu, ga abin da ta ce za ta aiko babu. Sai ki ci bakin naki.”

“Inna, ba asiri ta rufa ba. Ɗaga labule take yi.”

“Au, ni ma za ki fara da ni?”

“Ba rashin kunya nake miki ba. Amma ba zan ƙara cewa ƙari aka cire min ba. Wanda ya tambaya zan gaya masa, wanda bai tambaya ba ya rabu da ni.”

Inna ta juya wurin Kaka. “Kin ga abin da kika jawo ko? Ke kike zuga ta.”

“Ni?” in ji Kaka. “Ni da ko haƙoran zuga ba ni da su? Ki tuhumi Lauya.” Ta miƙo min hannu. “Zo nan, ja'ira. Da gaske kin ce wa matar ta baya nata yake fita?”

Na ce da gaske. Kaka ta yi dariya har sai da Yaya ya kawo mata ruwa. Inna ta koma wurin tukunya tana faɗa ita kaɗai, amma da ta zuba abinci nawa ta fara miƙowa.

Yaya ya ce in bari ya je ya ba Anti haƙuri, ko ya nemo min wani shagon. Na ce a'a, gobe zan koma.

“An ce fa kada a ga ƙafarki.”

“Na ji.”

Washegari na yi salla, na canza jaka a natse, na busar da fatar sosai kafin in manna. Na sa rigata mai haske, wadda na daina sawa tun da na fito asibiti don tsoron tabo. Na isa shagon daidai Baba Mai Yanka na buɗe kwaɗo. Ya dube ni ta saman tabarau.

“'Yata, kin san abin da aka ce jiya.”

“Na sani, Baba. Akwai abin da ka yanka da ba a ɗinka ba?”

Sai ya shiga, ya ɗauko wasu labulaye ruwan toka daga ƙarƙashin teburinsa ya ɗora min a hannu. “Na wani ofis ne. Yau za a zo karɓa.”

Na cire matashin Doguwa na mayar mata kan kujerarta ta lungu. Na goge keken, na ɗiga masa mai, na sa zare. Na juya shi da hannu, na taka.

Doguwa ta iso ta tsaya a kaina riƙe da ƙugu.

“Sannu, mai baki. An tashi lafiya?”

“Lafiya lau.”

“Dama keken nan ya ishe ni, sai tsinke zare kamar mai aljanu.” Ta sauke hannu daga ƙugu. “Ranar nan da na yi ihu... tsorata na yi.”

“Ni ma,” na ce. Ta wuce lungunta.

Na gama labule na farko ina kan na biyu Anti ta shigo. Inuwarta na fara gani a kan yadin. Ban ɗago ba, ban kuma ɗage ƙafata daga keken ba. Ta daɗe a tsaye.

“Wa ya ba ta aikin nan?”

“Ni ne,” in ji Baba, bai ko waiwayo ba. “Yau za a karɓa, hannu kuma bai ishe mu ba.”

Anti ta ɗauki wanda na gama. Ta duba tattarar, ta juya bayansa, ta bi ɗinkin da farce har ƙasa. Sai ta jefo min shi kan cinya.

“Kalmasar ƙasan ta yi siriri. Mai faɗi suka ce. In za ki zauna a nan, ki yi abin da aka ce.”

Ta wuce teburinta ta zauna tana ta buɗe aljihun tebur tana rufewa.

Na duba kalmasar. Gaskiyarta, ta yi siriri. Na ɗauki reza na farke ta daga wannan gefe zuwa wancan, na tsince zaren, na ninka ta da faɗi, na mayar ƙarƙashin allura.